Malam Gajimare da Littattafan Ruwa Goma Sha Biyu

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na sha faɗa wa mutane wannan kalma da bakina, amma ban san nauyinta ba sai ranar Asabar, biyar ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da direban ofishinmu ya kira ni a waya yana kuka, ya ce Malam ya faɗi. Na tambaye shi wane asibiti za su nufa, ya ce ba sauran zuwa asibiti. Haka Allah Ya karɓi ran shugaban sashenmu, malamina, wanda kowa ke kira Malam Gajimare, yana da shekara sittin da uku, a zaune kan tabarma a ƙofar gidan wani tsoho, da littafin awon ruwan sama buɗe a cinyarsa.

Malam, yau kwana bakwai ke nan. An yi maka addu'o'i, an yi jawabai, an jero digirorinka da tarukan da ka halarta. Ni ban iya irin wannan ba, kai ma ka sani. Abin da ke cina shi zan rubuta. Ka tafi ka bar ni da aikin da ban iya ba, ga ƙauyuka talatin da ɗaya na cikin kwari suna jira a gaya musu irin da za su shuka bana, kuma idan aka sake gaya musu ba daidai ba, babu abin da zai rage musu.

Bari in yi bayani domin wanda bai san aikinmu ba. A ƙasan ginin cibiyarmu ta nazarin yanayi akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyin da ke shiga har ƙashi, cike da akwatunan ƙarfe da suka fi mutum tsawo, suna ta gurnani dare da rana. Ita ce babbar kwamfuta. Muna zuba mata bayanan ruwan sama da na zafi da iska da irin ƙasa na shekara arba'in da suka wuce. Ita kuma ta yanka taswirar ƙasa gida-gida kamar gidajen dara, ta riƙa kwaikwayon daminar da ke tafe da ta shekarun gaba, rana bayan rana, sau ɗaruruwa, har ta gaya mana yadda masara da dawa za su yi a kowane gida, da irin itacen da zai rayu idan aka dasa shi a gandun daji. Malam bai taɓa kiranta kwamfuta ba. Tukunya yake ce mata. In an fara lissafi sai ya ce an ɗora, in an gama ya ce a sauke, kuma kowane ɗori ɗaya kwana goma sha ɗaya yake ci. Har masu shara sun koyi tambayar ko tukunya ta nuna.

Sunan Gajimare kuwa, kai ka jawo wa kanka. Ba ka iya tafiya kana kallon gabanka ba, kullum kanka na sama kana karanta hadari, har ranar da ka zurma kwata a bakin ƙofar cibiya da sabon yadi a jikinka. Maigadi ya ciro ka, maimakon ka yi masa godiya sai ka nuna masa sama ka ce wannan hadarin ba zai zubar ba. Kuma bai zubar ɗin ba, abin da ya fi ba mu haushi ke nan. Ana tsakiyar zafi ka fito daga ɗakin sanyi da rigar sanyi da safa, ka bi titi a haka ka mance, mutane suna kallonka suna tsammanin zazzaɓi kake yi.

Na zo wurinka ina yarinya, ba ni da komai sai takardar koyon buga na'ura da saurin yatsu. Ranar farko ka tsaya a bayana kana kallon yadda nake bugu, ka ce wannan ai Uwar Gaggawa ce, sunan ya bi ni har yau, har mijina da shi yake tsokanata. Kai ka matsa sai na koma makaranta. Da na ce ba zan iya lissafi ba, ka riƙa zaunar da ni bayan an tashi aiki kana zana min a bayan tsofaffin takardu, in na yi kuskure ka ce in sake, in na yi fushi ka jira in huce. Da na haihu na rasa mai riƙe min jaririya, kai ka janye teburinka ka shimfiɗa tabarma a ofishinka, ka ce a nan za ta kwana tunda ofishinka ya fi kowanne shiru. Baƙi daga nesa suka zo ganinka suka same ka da ita a kafaɗa kana bayanin zafin teku. Ranar da wuta ta ɗauke ana saura kwana ɗaya a sauke, janareta kuma ba mai, da idona na ga ka sauko daga babur rungume da jarkar mai, kai da furfurarka, kana haki kana dariya. Ba ka taɓa cewa wani aiki ya yi maka ƙanƙanta ba.

Yanzu sai in zo ga abin da na yi ta kewayewa.

Shekara biyu da suka wuce muka sauke tukunya, ta ce kwari yana bushewa, kuma yana bushewa da sauri fiye da duk maƙwabtansa. Muka duba, muka sake dubawa, lissafi ya tsaya cak. Ka sa hannu, muka ba da shawara cewa mutanen kwari su bar tsohon irinsu na masara mai kwana ɗari da ashirin su koma ɗan kwana saba'in mai jure fari, ma'aikatan gandun daji kuma su dasa itatuwan busasshiyar ƙasa a gangaren da ke ƙasan kwarin. Suka yarda da mu, domin ka yi shekara ashirin ba ka taɓa gaya musu abin da bai tabbata ba. Damina ta zo kamar da bakin ƙwarya. Ɗan kwana saba'in ya nuna a tsakiyar ruwa, ba ranar shanya, ya ruɓe a jikin kara, wani ma ya tsiro a cikin ɓawonsa. Dashe dubu ɗari biyu suka tsaya cikin ruwa har saiwarsu ta ruɓe. A shekarar mutane suka sayar da shanun huɗa, samari suka watse birane, aka cire yara daga makaranta. Bara kuma suka yi fushi da mu suka koma tsohon irinsu, sai ruwa ya ɗauke da wuri, suka tashi da rabin amfani. Bana har irin shuka sun cinye. Abin da kwamitin raba iri ya kai musu shi za su zuba a ƙasa, kwamitin kuwa bakinmu yake jira, ranar ashirin da huɗu ga wannan wata.

Ba zan manta taron da aka yi bayan ruɓewar nan ba. Daraktan cibiyarmu ya shirya jawabi mai kyau a kan cewa yanayi ya rikice a duk duniya, ba wanda ya isa ya san gobe. Kafin ya buɗe baki, shugaban ƙungiyar manoman kwari, wanda suke kira Dogo, ya taso ya ajiye ruɓaɓɓiyar masara a kan tebur a gabanka.

Ya ce, "Malam, ga abin da na'urarka ta ce mu shuka. Ci ka ji."

Ka ɗauka, ka juya ta, ka sansana, ka sa a aljihun rigarka, sannan ka miƙe.

Ka ce, "Ba yanayi ba ne, kuma ba na'ura ba ce. Ni na sa hannu. Kada ku nemi kowa, ni ne. Ku ba ni lokaci in gano inda na ɓata."

Darakta ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarka.

Damina ba ta ƙare ba ka ɗauki jaka ka tafi kwarin, ka ce sai ka ga ma'aunin ruwan da idonka. Ma'auni ɗaya ne tak a duk kwarin, mazurari da kwalba a kan dogon ƙarfe, kuma mutum ɗaya ke karanta shi tun yana saurayi, wani tsoho da ake kira Baba Mai Kwalba. Kowace safiya zai je ya auna abin da ya taru ya rubuta a littafi, littafi ɗaya kowace shekara, har guda arba'in da ɗaya. Ka sauka a gidansa. A kwana na uku aka kwana ana ruwa, da safe kuka fita tare za ku je awo, sai ga rafi ya cika ya batse tsakaninku da ma'aunin. Kuka tsaya a baki kuna kallo. Ka tambaye shi me yake rubutawa a irin wannan rana. Ya ce sifili. Tun yana sabon ɗauka wani sufeto ya yi masa barazanar kora saboda ya bar gurbi ba komai, daga ranar bai sake barin gurbi ba. In rafi ya janye bayan kwana biyu ko uku, sai ya tarar kwalba ta cika ta tumbatsa, ya zubar, tunda ba awon rana ɗaya ba ne, ya cike kwanakin da sifili ya ci gaba.

Wato ranakun da aka fi tafka ruwa a kwarin su ne littafi ya ce ko ɗigo ba a yi ba. Kuma da ruwa mai ƙarfi ya ƙara yawa a shekarun nan, sai sifilin ya ƙara yawa. Tukunya ba ta yi ƙarya ba, abin da muka zuba mata ta dafa.

Wannan kowa ya ji shi, domin ka rubuta shi a rahoto. Ga abin da ba ka rubuta ba. Baba Mai Kwalba mutum ne mai tsoron Allah, ransa bai kwanta da sifilin nan ba, don haka a shekarun farko ya riƙa rubutawa a gefen shafi da ƙananan baƙaƙe, rafi ya hana. Shekara da shekaru yana rubutawa ba wanda ya taɓa tambayarsa, har ya gaji ya daina. Ni ce na shigar da littattafan nan cikin kwamfuta. Na ga rubutun gefen, Malam, na gan shi sau ba adadi. Amma takardar da nake cikewa gurbi uku gare ta, kwanan wata da awo da sunan tasha, ba wurin zancen rafi, ni kuma na ci alwashin gamawa cikin mako uku don ka yaba min. Na buga sifili na wuce. Ban tambayi kowa ba, kuma na gama cikin kwana goma sha tara, ka saya min lemo.

Da ka dawo daga kwari ka kira ni ofis ka rufe ƙofa. Ka buɗe littafi ka ɗora yatsa a gefen shafi. Na fashe da kuka, na ce zan je in gaya wa Darakta in ajiye aiki. Ka bar ni na yi kukana ya ishe ni, sannan ka ce, "Ni na ba ki takarda mai gurbi uku. Da na ba ki mai huɗu, da kin cike. Share hawayenki, ba wanda zai ji wannan sai mun gyara." Ka riƙe min wannan sirri wata goma sha takwas, ana zaginka a kasuwa ana yi maka dariya a taro. Ba mu gyara ba, amma ni na gaji da ɓoyewa, shi ya sa na rubuta shi a nan kowa ya karanta.

Bayan 'yan watanni, da ka gama rahoto, Asabar ɗinka ta zama ta kwari. Tafiyar awa uku ce a kan hanya mai ramuka, ka je ka dawo, ba fashi. Aikin shi ne ka bi kowane sifili na damina ka rarrabe na gaskiya da na rafi. Inda akwai rubutun gefe, abin da sauƙi. Inda babu, sai ka gwada da tashoshin maƙwabta, ka duba hannun rubutun, domin ka ce sifilin da aka jero a zama ɗaya jingina suke da juna, tawadarsu ɗaya, na kullum-kullum kuwa kowanne da tsayuwarsa. Sannan ka koma ga Baba. Direba ya ce ba ka taɓa tambayar tsohon kai tsaye ba. Sai ku yi awa guda kuna hirar awaki da ciwon gwiwa da mutanen da suka rasu, can sai ka karanto kwanan wata kamar da wasa, tsoho ya ce ai a makon nan ne surukinsa ya zo kwana ɗaya ya maƙale kwana huɗu saboda ruwa ya cinye musu kaji. Kai kuma ka ɗiga ɗan ɗigo da fensir a kan sifilin, alamar na rafi ne. Littafi ɗaya Asabar biyu yake ci. Ka gama ashirin da tara. Saura goma sha biyu, na shekarun baya-bayan nan, waɗanda ba su da rubutun gefe ko ɗaya, kuma su ne za su nuna ko kwari bushewa yake ko jiƙewa.

Ban taɓa bin ka ba ko sau ɗaya. Ka gayyace ni, na ce ina da aiki a ofis, gaskiyar kuwa kunyar haɗa ido da mutanen kwari nake ji. Ina ganin kana dafe ƙirji in ka hau bene. Na san Mama, maiɗakinka, ta taɓa ɓoye makullin mota don ka huta, ka fita ka hau motar haya. Duk da haka abin da na iya faɗa maka ranar Juma'a, jajibirin rasuwarka, shi ne in ka ci gaba da wannan tafiyar hawainiya damina za ta same mu ba mu ɗora ba. Ka yi dariya ka ce Uwar Gaggawa ba ta tsufa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya, kuma ba abin da ba zan bayar ba a ce in janye ta.

Direba ya ce kun zauna kamar kullum, kun yi hira, ka buɗe littafi na talatin, ka karanto kwanan wata biyu. Sai ka ce a ba ka ruwa. Kafin a kawo ka jingina da bango ka yi salati.

Ranar Talata na kwashi littattafan goma sha biyu na tafi kwarin da kaina, tunda lissafin kwanaki ba ya jiran mai makoki. In ana son amsa ranar ashirin da huɗu, dole a ɗora yau Asabar, sha biyu ga wata. Kwana huɗu ke nan gare ni in yi abin da kai zai ci maka wata shida. Na sami Baba a zaune a wurin, ya rame, tabarmar ma ba a naɗe ta ba. Na gaishe shi, na yi ƙoƙarin hira irin taka, na tambayi awaki, ya ce suna nan. Sai na buɗe littafi na fara jero masa kwanakin wata kamar mai kiran suna a aji. Ya yi ta kallon bakina.

Ya ce, "'Yata, wallahi ban tuna ba. Shi in ya zauna, shekarun da kansu suke zuwa. Yanzu kaina fanko ne." Ya goge ido da bakin riga. "Ni na kashe shi. Da na bar gurbin nan an kore ni tun ina saurayi, da yana gidansa yanzu."

Na ce masa ba shi ba ne, kwana ne ya ƙare. Na so in ce masa in ma akwai mai laifi ga ta a gabansa, bakina ya ƙi. Awa uku muka yi ban samu rana ɗaya ba. A hanyar dawowa na sa direba ya tsaya, na fita bayan wata bishiya na yi kuka har muryata ta dishe.

Laraba da Alhamis na baza littattafan a teburinka na sa madubin ƙara girman rubutu da ka bari. Na kalli sifili har idona ya yi ja. Malam, duk iri ɗaya nake ganinsu. Wanda na ce ya jingina, in na juya littafin kaɗan sai ya miƙe. Na ɗauko waɗanda ka gama in koyi idonka, na rufe ɗigon da yatsa in gwada kaina, cikin ashirin na ci goma sha ɗaya, wanda ko makaho zai ci haka da canke. Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Me ya sa ba ka rubuta yadda kake yi ba? Me ya sa ba ka ja ni da ƙarfi ka jefa a mota ba? Ka koya min lissafin da ya fi wannan wuya sau dubu, ka bar wannan ɗaya a cikin kanka ka tafi da shi kabari.

Jiya Darakta ya kira ni. Ya yi min ta'aziyya da kyau, ba zan zalunce shi ba, idonsa ma ya kawo ruwa. Sannan ya ce hanya biyu ce. Ko in ɗora da littattafan yadda suke, ko in ɗiga ɗigon da kaina gwargwadon hasashe, mu ce Malam ya kammala kafin ya rasu, tunda sunanka kawai kwamiti ke son gani, kuma fensir duk fensir ne. Na fito ina huci, ina cewa a raina wannan mutum ba shi da kunya. Amma in zan faɗi nasa sai in faɗi nawa. Na koma teburinka na ɗauki fensir, na ɗiga tara. Sai da na zo na goma na tuna cewa ɗigon nan shi zai zama buhun iri a bayan mota, ya zama gonar wani mai 'ya'ya takwas. Na goge su duka, har takardar ta kusa hujewa a wuri ɗaya.

Ga abin da na yi yau da safe. Duk sifilin damina na shekarun nan goma sha biyu da tashoshin maƙwabta ba su tabbatar ba, na cire shi na bar gurbin fanko, kwana ɗari huɗu da sittin da uku. Na shiga ɗakin sanyi na ɗora ni kaɗai, karo na farko ba ka tsaye a bayana. Na san abin da zai fito. Tukunyar da aka rage wa kayan haɗi haka ba za ta ba da amsa ɗaya ba. Za ta ce mai yiwuwa ruwa ya yi yawa, mai yiwuwa ya gaza, ta bar ni a tsakiya. Da wannan zan tsaya gaban kwamiti.

Dogo ya zo gaisuwa gidanka tare da mutum shida daga kwari, a bayan motar itace. Mutumin da ya ce ka ci ruɓaɓɓiyar masara shi ya fi kowa kuka, ya ce bai taɓa ganin mai ilimin da ya ce ni ne ba sai kai. Da za su tafi ya tsaya a ƙofa ya jira na fito, ya rage murya.

Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Amma hadari ya fara haɗuwa a wajenmu. Wanne za mu zuba?"

Na ce masa ya jira ashirin da huɗu ga wata. Ya gyaɗa kai ya ce to, Allah Ya kai mu, da fuskar mutumin da ya tabbata akwai amsa a ajiye.

Akwai kuma wadda nake nema wa gafararta a bainar jama'a. Mama, shekaranjiya da na zo kika riƙe hannuna kika tambaye ni ko ya gama aikin nan da ya hana shi zama. Na dubi idonki, na ga abin da kike son ji, na ce ya gama. Kika ce alhamdulillahi, ashe bai tafi a banza ba, kika saki ajiyar zuciya. Mama, ki yafe ni, ƙarya na yi miki. Bai gama ba, saura goma sha biyu. Amma ashirin da tara ɗin da ya yi, babu ɗigo ɗaya a ciki da ya ɗiga ba tare da ya tabbatar ba, kuma babu Asabar ɗaya da ya raba ki da ita don son ransa. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata in gaya miki, kuma ta ishe shi shaida.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka ji ƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya rufa wa wata asiri, Ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka sanya kowace tafiya da ya yi a kan hanyar nan mai ramuka cikin mizaninsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinmu tun daga Darakta har maigadi, da Baba Mai Kwalba, wanda nake roƙon Allah Ya cire masa wannan nauyi daga zuciya, domin ba nasa ba ne. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ya Allah, mutanen kwari ba su da wani buhu a bayan wannan. Kai ne mai ruwa, Ka san adadin kowane ɗigo da ya sauka a ranakun da littafinmu ya ce ba a yi ba. Ka saukar musu da shi bana daidai da irin da zai shiga hannunsu, kowanne ne, kada Ka kama su da gaggawata. Ni kuma, ranar ashirin da huɗu, idan Dogo ya miƙe ya dube ni, Ka ba ni ƙarfin da zan buɗe baki in ce masa ban sani ba.

Ɗalibarka,
Uwar Gaggawa